Ra'ayin 'Yan Kallo a Ƙofar Ɗaki na Uku

Saura kwana uku Auta ta ba Umma amsa, sai ga Manaja ya dire mata takardar aikin ranar a kan tebur.

"Ɗaki na uku, kallon ƙarfe biyu. Sabon fim ne, soyayya da barkwanci. Ki samo min baki goma masu daɗi."

Ta jawo takardar da yatsa biyu tana hamma. "Sau Bakwai Muka Rabu." Sunan ya ba ta dariya. Sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan, inda ake rubuta wanda ya ƙirƙiri labari da ƙananan baƙaƙe.

Murmushin ya daskare mata a fuska.

"Lafiya?" in ji Manaja.

"Lafiya lau, Yallaɓai."

Aikin Auta a gidan silima ba mai wuya ba ne ga wanda zuciyarsa take zaune. Duk ranar da sabon fim ya fito, ita ce take tsayawa a bakin ƙofa da makirfo a hannu, ta tare masu fitowa da tambayoyi uku. Ya ka ga fim ɗin? Wa ya fi tsaya maka a rai? Da kai ne ka rubuta, ya za ka ƙarasa shi? Abokiyar aikinta ta ɗauki hoton, a yanka, a ɗora a shafin gidan kafin a tashi aiki. Doka ɗaya ce Manaja ya kafa mata tun ranar farko: ba ta da ra'ayi. Ko ɗan kallo ya ce rana daga yamma take fitowa, murmushi za ta yi ta ce an gode.

Shekara huɗu tana wannan murmushin bai taɓa yi mata nauyi ba sai yau.

A wannan gidan silimar ta fara ganin mai sunan da ke jikin takardar. Dogon mutum mai hular hana sallah, kullum a kujerar ƙarshe, da ɗan littafi a gwiwa. Ba fim yake kallo ba, mutane yake saurare. In aka yi dariya ya rubuta, in aka yi shiru ya rubuta. Ranar da ta tare shi da makirfo, sai ya karɓe tambayar ya mayar mata: "Ke fa, wa ya taɓa tambayarki ra'ayinki?" Daga nan ta shiga uku, irin shiga ukun da mutum ba ya son fita.

Shekara biyu suna tare. Ya san falonsu, ya san kujerar da Umma ba ta yarda a zauna mata, ya san ƙarar ƙofar kicin. Ranar da ya zo da maganar aure, Umma ta saurare shi har ya dire, sannan ta ce, "A'a. Ba zan ba ka ita ba. Yau kana wannan gari ɗaukar fim, gobe kana wancan."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Umma, na gode." Ya sa takalminsa ya fita.

Wata goma sha shida ke nan. Bai dawo ba, bai kira ba. Ita ma zuciya ta hana ta kira.

A cikin watannin nan ne Dakta ya samu wurin zama. Likitan haƙori ne, asibitinsa yana kan layinsu, gida biyar tsakani. Mutumin kirki ne, ba za ta ɗauki alhakinsa ba. Shi ke kai Umma awon jini, shi ya gyara musu famfon banɗaki da hannunsa. Ranar Asabar manyansa za su zo jin matsaya, Umma kuwa ta ce mata, "Ba zan miki dole ba, Auta. Amma ba zan bar ɗan mutane yana ta sintiri ba. Ko e, ko a'a."

Kuma gajiya ta kusa sa ta ce e.

"Ke! Ina kika tafi?"

Kyamara ce, abokiyar aikin nata mai ɗaukar hoto, ta zungure ta da gwiwar hannu. Haka kowa yake kiranta a wurin aikin, har mahaifiyarta in ta bugo waya sai ta ce a ba ta Kyamara. Ta leƙa takardar, ta zaro ido.

"Na shiga aljanna da takalmi! Mutumin naki ne?"

"Ba nawa ba ne."

"To na wa? Ki duba yadda kika ƙura wa sunan ido. Tashi mu je mu kafa kaya."

Dogon barandan da ke gaban ɗakunan kallo shimfiɗe yake da jan kafet, fitilunsa ƙanana kamar taurarin da aka jera da gangan. Ƙamshin gugguru da man shanu ya cika ko'ina. Auta ta tsaya gaban hoton fim ɗin: saurayi da budurwa sun juya wa juna baya a kan benci ɗaya, amma ƙananan yatsunsu suna maƙale ta ƙasa. Haka suke yi in sun yi faɗa. Ita da shi. Babu wanda ya san wannan a duniya.

Ta lumshe ido. Sai ta ga kanta a bencin, iska tana kaɗa mayafinta, shi kuma yana cewa ba zai fara magana ba sai ta fara, alhali da faɗin hakan ma ya riga ya fara.

"Auta," Kyamara ta ce a hankali, muryarta ta canza. "Kada ki juyo da sauri. Amma ki juyo."

Ta juyo.

Matattakalar lantarki tana ɗago mutum uku sannu a hankali. Dakta a gaba, rungume da manyan kofunan gugguru guda uku, bakinsa har kunne. A bayansa Gwaggo, ƙanwar marigayi Abba, ta ƙanƙame ƙarfen matattakalar tana salati. A bayanta kuma, a tsaye ƙyam da jakarta a hammata, Umma.

* * *

"Mun zo ganin wurin aikinki!" Dakta ya faɗa tun daga nesa. "Na ce Umma ta gaji da zaman gida. Na tambayi mai sayar da tikiti wanne ne na dariya, ya ce wannan."

Ya ɗaga tikiti uku. Ɗaki na uku.

Auta ta durƙusa ta gaishe da Umma da Gwaggo, ta miƙe.

"Umma, ai da kun shiga ɗaki na ɗaya. Akwai wani mai kyau na namun daji, zakuna da giwaye."

"Zakin me?" in ji Gwaggo tana haki. "Na hau wannan shegiyar matattakala mai tafiya da kanta don in ga zaki? Soyayya aka ce min, soyayya zan gani. Mu ma mun yi zamaninmu."

"Gwaggo, sanyin ɗaki na uku ya yi yawa, ƙafarki..."

"Na zo da safa."

Umma ta dubi 'yarta, ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bango, ta ɗauki gilashinta ta sa, ta karanta shi daga sama har ƙasa. Har ƙananan baƙaƙen. Sannan ta cire gilashin ta mayar jaka.

"Mu je, Dakta, kada a fara babu mu."

Ƙofar ta rufe a bayansu.

Minti ashirin Auta ta daure. Dariyar mutane tana fitowa ta ƙasan ƙofa kamar ruwa, ta ja baya, ta sake dawowa. Daga nan ta miƙa wa Kyamara makirfo, ta bi ta siririyar matattakalar baya zuwa ɗakin majigi, inda akwai ɗan gilashin da ake hango allo.

Ɗakin duhu ne, sai igiyar haske da ta fita daga bakin injin ta ratsa kan mutane. Ta matsa jikin gilashin.

Falonsu ne a allon. An canza launin labule, an mayar da agogon ɗaya bangon, amma falonsu ne. Ga uwa a kujerarta da rimot a hannu, saurayi yana zuba bayani, ita kuma duk ya ƙara jimla ɗaya sai ta ƙara ƙarar talabijin. Mutum ɗari biyu suka kwashe da dariya.

"Nan ne wurin da na fi tsoro," wata murya ta ce daga kusurwa. "Ban san za su yi dariya haka ba."

Ba ta juyo ba. Ba ta buƙatar juyowa. Ko a cikin barci aka yi wannan muryar za ta gane ta.

Yana zaune a kan akwatin kayan aiki, hular nan a kansa, littafin nan a gwiwarsa. Ya rame. Hasken majigin yana wucewa ta gefen fuskarsa yana dawowa, har ta kasa tantance ko shi ne ko irin mafarkin da ta saba yi ne a motar haya in tana komawa gida.

"Auta."

"Kada ka kira ni."

"Na san a nan kike aiki har yanzu. Ni na roƙi a fara nuna shi a nan."

"Ka san wa ke zaune a layi na shida?" Ta nuna gilashin da yatsa. "Ummata. Ummata ce a can, da Gwaggo. Ka ɗauki uwata ka manna a bango, mutum ɗari biyu suna mata dariya, tana zaune a tsakiyarsu."

Littafin ya zame daga gwiwarsa ya faɗi. Ya miƙe tsaye.

"Wallahi ban sani ba. Wallahi, Auta. Ke kaɗai na so ki gani."

"Ni kaɗai? A silima?"

"Ban san wata hanyar ba."

"Hanyar gidanmu fa? An rushe ta ne?"

Hawayen da ta yi wata goma sha shida tana tarewa suka ɓalle gaba ɗaya.

"Me ya sa ba ka dawo ba?"

"Ta ce a'a."

"Ni na ce a'a? Ka taɓa jin bakina ya ce a'a? Kullum in na ji an taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi. Har mai kawo takardar wuta na taɓa buɗe wa ƙofa da kwalliya. Gwaggo ta yi sati tana min dariya."

"Na zo," ya ce a hankali. "Sau huɗu ina zuwa kan layinku. In tsaya wajen shagon mai gyaran waya, in shirya abin da zan ce, in na hango ƙofar sai maganar ta watse. A shagon nan ma na ji labarin likitan da ke zuwa gidanku. Ni a baki ban iya ba, kin sani. Sai na koma ɗaki na zauna, a takarda kuwa sai ta yi ta zuba. Duk abin da na kasa faɗa a falonku yana cikin fim ɗin nan. Na ce in kin gani za ki gane ban bar ki ba ko na yini ɗaya."

"Wato wasiƙa ka rubuto min."

"Kusan haka."

"Wata goma sha shida kana rubuta min wasiƙa, sannan ka ba duniya ta riga ni karantawa."

Ya sunkuya ya ɗauki littafinsa.

A ƙasa dariyar ta ɗauke. Shirun ne ya sa su duka suka juya ga gilashin. A allon, uwar ce ita kaɗai a gida da rana tsaka. Ta tura ƙofar ɗakin 'yarta, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki kayan da aka riga aka ninke, ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta sake ninkewa. Ba kiɗa, ba magana. Ta kai wata riga hancinta, ta daɗe a haka.

Auta ta dafe gilashin.

"Wannan kuma a ina ka samo?"

"Na gani. Wata rana na zo da wuri ba ki dawo daga aiki ba, ƙofar falo a buɗe. Na koma waje na jira, don kada ta san na gan ta." Ya mayar da ido kan allon. "Yayyenki huɗu duk aure ya kai su nesa, Abba ya rasu. Ke kaɗai ta rage mata. Da ta ce min a'a sai wannan hoton ya tsaya min a ido. Na ce ni wane ne da zan ɗauke mata ke?"

Auta ba ta taɓa sani ba. Kullum in ta dawo ta tarar da kayanta a jere, ɗauka take Umma tsabar son tsari ne.

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ranar Asabar manyan Dakta za su zo. Umma ta ce ko e ko a'a."

Ta jira. Ta ba shi dukkan shirun da ke ɗakin ya cika shi da kalma ɗaya. Ta ga hannunsa ya nufi aljihun da biro yake, kamar can maganar take.

"Ya suka ƙare a fim ɗin?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Sun rabu. Ta auri likitan ido. Ta zauna kusa da mahaifiyarta."

"To ka ga, ka ma riga ka amsa min."

Ta juya ta sauka. A bayanta ta ji ya kira sunanta sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji.

* * *

Kyamara ta dube ta, ta zaro hoda daga aljihu ba tare da tambaya ba.

"Shafa. Idonki kamar an watsa barkono. Saura minti biyu."

Ƙofofin suka buɗe. Auta ta ɗora murmushin aiki, ta ɗaga makirfo.

'Yan mata biyu ne suka fara fitowa, ɗaya tana fyace hanci.

"Ya kuka ga fim ɗin?"

"Mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle, amma ƙarshen nan zalunci ne! Sau shida suna rabuwa suna shiryawa, a kan caja, a kan wa ya fara kashe waya, sai a na bakwai a ce shi ke nan? A dawo mana da hawayenmu!"

"Wa ya fi tsaya muku a rai?"

"Uwar nan! Muguwa! Da uwata ce da na..."

"Ke dai rufe baki," ƙawarta ta katse ta. "Taki uwar ta fi ta."

"An gode," in ji Auta.

Ta gefen ido ta hango su. Umma ta fito, ta ja ta tsaya jikin hoton fim ɗin, jaka a hammata, taku huɗu daga makirfon. Duk abin da za a faɗa a kunnenta zai sauka.

Wani dattijo ya matso riƙe da hannun matarsa. "Ni yarinyar na ga laifinta. Tana son mutum, ta zauna tana jiran ƙofa ta buɗe kanta. Ba ta da ƙafa ne? Wannan da kike gani," ya nuna matar, "har wurin aikina ta biyo ni ta ce in ba zan zo ba in faɗa mata."

"Ƙarya yake, 'yata," matar ta ce. "Laimata na je karɓa."

"Shekara talatin da takwas, har yau ba ta karɓi laimar ba."

"An gode, Baba." Murmushin Auta ya fara ciwo.

Wani matashi mai jakar goyo ya ce shi rabuwa ta uku ce ta kashe shi, domin shi ma haka aka yi masa sak, ta saƙon waya, yana cikin layin aski. Wata mata mai goyo ta ce duk wanda ya zagi uwar nan bai haifa ba, ita wurin ninke kayan nan sai da ta toshe bakinta. Wani kuma ya ce shi barci ya yi, amma sanyin ɗakin ya yi daɗi.

Sai ga Dakta, yana share hawayen dariya da hankici.

"Ni ma a ɗauke ni! Auta, tambaye ni."

"Dakta, ba sai..."

"A'a, aiki aiki ne." Ya gyara kwalar riga ya fuskanci kyamara. "Fim ya yi. Ni likitan idon nan ne ya kashe ni da dariya. Bawan Allah! Ya kai uwar asibiti, ya gyara musu famfo, kullum yana gidan da leda a hannu, kowa a silimar nan ya san ba shi ake so ba, shi kaɗai ne bai..."

Ya tsaya.

Hankicin ya sauka daga fuskarsa a hankali. Ya dubi Auta, ya dubi jajayen idanunta, ya juya ya dubi hoton bango, ya daɗe a kan ƙananan baƙaƙen. Kyamara ta sauke na'urarta ƙasa don kunya.

"Famfo," ya ce, kamar mai magana da kansa. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Ashe har famfon."

"Dakta, ka yi haƙuri, wallahi ban..."

"Ba ki yi min komai ba." Ya ninke hankicin ya sa a aljihu. "Amma ni ba fim zai sallame ni ba, Auta. Asabar ina nan zuwa. In a'a ce, in ji ta daga bakinki."

Ya koma gefe ya tsaya, ya harɗe hannu a baya.

Barandan ya fara yin sarari. Auta tana shirin cewa Kyamara su tattara, sai ta ji takun da ta sani tun tana rarrafe. Umma ta zo ta tsaya a gabanta, daidai inda 'yan kallo suke tsayawa.

"Ni ba ɗan kallo ba ce? Ɗaga abin naki, yarinya," ta ce wa Kyamara. "Ke kuma yi aikinki."

Auta ta ɗaga makirfon.

"Umma... ya kika ga fim ɗin?"

"An yi min dariya yau, na ji. Ni ma na yi, don rimot ɗin nan gaskiya ne." Gwaggo ta ƙyalƙyale daga baya. Umma ba ta kula ta ba. "An ce min muguwa, na ji wannan ma."

"Wa ya fi... wa ya fi tsaya miki a rai?"

"Uwar." Muryar Umma ta yi ƙasa. "Wanda ya rubuta ta yana da ido. 'Ya'ya biyar na haifa, babu wanda ya taɓa ganin abin da ya gani. Ban san an gan ni ba." Ta gyara zaman jakarta. "Amma matsoraci ne."

Auta ta ɗago kai.

"E, matsoraci. Mata huɗu na aurar kafin ke, kina makarantar kwana ba ki san yadda aka yi ba. Babu mijin da ban fara ce wa a'a ba. Mijin babbar yayarku sau uku ina korarsa, a na huɗu ya zo da kujerarsa. Wannan Daktan da ke tsaye, sau biyu na ce masa a'a, washegari ya dawo ya tambaye ni ya ƙafa. In a'a ɗaya daga bakin tsohuwa ta kori mutum, ranar da 'yata ta ɓata masa rai fa? Ranar da ciwo ya zo, ko babu ta zo? Sai ya shige ɗaki ya rubuta fim?"

Hawaye suna zuba a fuskar Auta, ba ta ko share su ba.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Umma. "Na ji kina yi wa kowa uku."

"Da ke ce kika rubuta, Umma... ya za ki ƙarasa shi?"

"Ba ni zan ƙarasa ba. Mai shi yana bayan tukunyar fulawar can tun ɗazu, yana zaton hula tana ɓoye tsawo."

Kowa ya juya.

Ya fito. Ya cire hular, ya rasa inda zai sa ta, ya cusa ta a aljihu tare da littafin. Taku goma ne tsakaninsa da Umma, amma Auta ta ga kamar a ruwa yake tafiya, fitilun barandan suna narkewa a idonta, komai ya yi nisa sai shi. Ya zo ya durƙusa har ƙasa a kan jan kafet.

"Umma, ina wuni."

"Lafiya."

"Umma, ki yafe min abin da na..." Maganar ta sarƙe. Ya runtse ido, ya buɗe. "Umma, ina son Auta. Na zo ki ba ni ita."

"A'a."

Numfashin Auta ya tsaya. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta ga leɓensa ya fara haɗa wannan "to, na gode" ɗin da ya cinye mata wata goma sha shida. Doka ta ce ba ta da ra'ayi. Ta sauke makirfon, ta dube shi ido cikin ido, ta girgiza masa kai a gaban Umma, a gaban Dakta, a gaban kowa.

Ya haɗiye kalmar.

"To gobe zan zo gida, Umma."

"Gobe ba na nan."

"Zan jira a ƙofa."

"Yini zan yi."

"Zan yini."

Umma ta dube shi daga sama har ƙasa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta juya ta nufi matattakala, Dakta ya matsa ya ba ta hanya, Gwaggo ta bi bayanta tana ta waiwaye. Auta ta tsaya da zuciyarta a tafin hannu, tana kallon bayan mahaifiyarta yana nisa.

Sai da Umma ta ɗora ƙafa a matakin farko, matattakalar ta fara sauka da ita, sannan ta yi magana. Ba ta waiwayo ba, amma ta ɗaga murya yadda duk barandan zai ji.

"Gwaggon yara, unguwar nan da muka ce za mu je gobe, a ɗaga ta."